Ƙafar Tebur ta Huɗu

Zuwa ga ƙanena, baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka ciwon bayan nan. Mu nan kalau muke. Inna ta samu sabon tabarau, yanzu ba ƙurar da ke ɓuya mata, duk mun shiga uku. Mijina kuma ya yi ritaya, ya koma gyaran rediyon da lafiyarsa ƙalau.

To, ka gyara zama, don da fushi na ɗauki biro. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta zaɓi 'yarka Auta, cikin mutane da yawa, ta tsara kambun da za a riƙa bai wa gwaninsu duk shekara. Yarinyar da ta zana ɗakin karatun da nake wuni a ciki, wanda iska ke ratsa shi ko babu wuta! Ta tura maka hoton kambun tana rawar jiki, kai kuma, in ji ta, ka tambaya ko duk shekarun jami'ar nan abin tokare ƙofa aka koya mata. Ta yi dariya a waya, ta ajiye, ta shiga ɗaki. Yanzu ta ce ba za ta halarci bikin ƙaddamar da kambun ba a ƙarshen wata, wai a aika wani ya karɓi godiyar. Na karanta littattafai da dama, ƙanena, ban taɓa cin karo da uban da ya kai ka iya ɓarin baki ba. Magana zarar bunu ce.

Da ka sa tabarau ka duba, da ka gani. Ni na je wurin masu zubin tagulla na ɗauke shi da hannuna, nauyinsa kamar jariri. Ɗan tebur ne, ƙafafunsa uku a ƙasa, ta huɗun gajera, tana tsaye a kan takarda ninki huɗu, ita ma ta tagulla. Shugaban ƙungiyar, da na tarar a can, ya yi ta zuba bayani, wai alama ce ta daidaito tsakanin fasaha da al'umma. Na danne dariya har na ƙware. Teburin falonmu ne, mai rawa! Na tambayi Auta, ta ce tun tana ƙarama, lokacin kuna zaune tare da mu a gidan nan, kullum ta zauna zane da rula layin sai ya karkace, sai kai ka durƙusa da kayan aikinka a jiki, ka ninke jarida ka cusa a ƙarƙashin ƙafar, ka girgiza ka ce to, ja layinki. Ta ce ba gini ba ne ya fara koya mata aikin nan, wannan ninkin ne. Kai ta zuba a tagulla, kai kuma ka kira kanka abin tokare ƙofa. Ban ce ka yi ƙarya ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka kira ta, ka nemi hutu, ka zo. Inna ta ce in ba ka zo ba, da sabon tabaraunta za ta biyo ka.

Ka gaishe min da maman Auta, da Kawu, da 'yan biyu masu ƙiriniya. Teburin yana nan yana rawarsa, na hana mijina taɓa shi. In ka gama karanta wasiƙar nan, ka ninke ta huɗu ka taho da ita, ka san inda za ka sa ta.

Taka,
Yayarka