Ranar da Direba Ya Fasa Sikelina

Zuwa ga ƙanena, Ɗan Boko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga wannan annoba da ta hana ɗa shiga gidan uwarsa. Mu nan muna nan da rai. Ƙafar uwargidana Tsohuwa ta yi sauƙi, bakinta ne dai har yanzu bai yi ba. Jikoki sun yi tsawo sun yi fari a cikin ɗaki kamar shukar da ba ta ga rana ba. ’Yata Auta ce ke rubutawa, ni nake faɗa, don ka san ni ba a kai ni makaranta ba. Kai mahaifinmu ya saya wa jaka da littafi, ni ya tsayar da ni gaban sikeli ina ɗan shekara tara, kuma ban manta ba. Ko da ma na iya rubutun, hannun damana a karye yake. In ka ga wata magana mai laushi a ciki, ita ce ta cusa, ba ni ba.

Na san za ka yi mamaki, tun da na rantse ba za ka sake jin muryata ba tun ranar da ka kashe mini waya ina tsakiyar magana, yau shekara uku. Ban karya rantsuwata ba. Murya na ce, ban ce takarda ba. Kuma ba don kaina na aiko ba, maganar ɗana Direba ce, wanda kai ma ɗanka ne.

Ka san jikinsa. Bara likitan kamfanin bas ɗin da yake tuƙa wa ya auna shi, ya ce kilo ɗari da talatin da ɗaya, ga suga, ga hawan jini. Ya ce masa ko ya rage, ko su karɓe makullin mota, ko kuma zuciyarsa ta tsaya wata rana yana ɗauke da mutum hamsin. Yaron ya ji tsoro. Ya bar lemon kwalba, ya koma zuwa tasha a ƙafa, kullum da safe ya biyo ta rumfata inda nake sayen tsofaffin ƙarafa, ya hau sikelina yana dariya, ya ce in faɗa masa nawa zan saye shi yau. Cikin wata bakwai ya sauko ɗari da sha huɗu. Ni da hannuna na ƙara masa huji uku a bel ɗinsa da ƙusa. Ban yabe shi ba, don yabo yana lalata yaro, amma na ji daɗi.

Sai aka sa dokar kulle. Aka jere motoci a tasha, aka rufe kasuwa, muka taru mu tara a ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Da farko yana kai-komo daga ƙofa zuwa taga yana ƙirga taku, sai Tela da ke ƙasanmu ya riƙa dukan silin da sandar tsintsiya yana cewa za a rushe masa gini a ka. Sai ya daina. Ya ja labule, ya juya wa kowa baya. Mutumin da a da ba a jin maganar kowa in yana gida, ya koma sai a kira shi sau uku kafin ya ɗago. Ya bar wanka, ya bar aski. Ka gan shi tsaye gaban firij yana tura burodi da sanyayyiyar shinkafa a baki, idonsa yana wani wuri, kamar mai zuba yashi a buhu. Auta da ke aiki a kantin magani ta ce wai ciwon damuwa ne, a nema masa likita. Na ce mata a zamaninmu sunan wannan ciwo lalaci, kuma maganinsa yana hannuna.

Na lallaɓa na turo sikelina a baro, muka hau da shi bene ni da Mai Gadi, na girke shi a tsakiyar falo. Kullum da safe sai na sa shi ya hau, gaban matarsa da ’ya’yansa, in daidaita awo, in faɗi lambar da ƙarfi yadda nake yi wa masu kawo kaya, in zana ta da alli a bango. Lamba kam na iya. Ɗari da sha takwas. Ɗari da ashirin da uku. Ɗari da ashirin da tara. Na ɗaure firij da sarƙa, na sa kwaɗo, na rataye makullin a wuyana. Ka san mu a sana’a in an kawo buhu muna bugunsa da sanda mu ji ko an ɓoye dutse a ciki. Haka nake bugun tumbinsa, in ce masa ruɓaɓɓen ƙarfe ya fi shi, don shi ana saye. Tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ta yi mini shiru, ita ta ɓata shi tun yana goye.

Wata ranar Talata na ce ya fita ya zagaya layi sau goma. Ya ce akwai ’yan sintiri. Na ce ƙarya yake, ragwanci ne, na tura shi waje da sanda na rufe ƙofa. Ko kwanar farko bai sha ba suka tare shi, su huɗu. Suka ce ya yi tsallen kwaɗo. Ina mai wannan jiki zai iya? Ya yi ɗaya, ya yi biyu, ya kife. Suka rufe shi da kulki, baya, cinya, ka, ɗaya yana taka masa yatsu da takalmi, ɗaya yana dariya yana cewa mutane na kukan yunwa shi ya cinye rabon unguwa. Duk tagogin layin nan cike da idanu. ’Ya’yansa suna gefena suna ihu. Ni kuma ina tsaye a taga, ina ganin jininsa a kan kwalta, ban sauka ba. Da rarrafe ya hau benen nan, haƙorinsa na gaba a tafin hannunsa.

Auta ta ce in tsallake abin da ya biyo baya, na ce ta rubuta. Washegari na ce ya hau sikeli. Ni a ganina in aka saki doka rana ɗaya ta tafi ke nan. Ya dube ni da kumburarren ido, ya hau. Ɗari da talatin da uku. Na faɗa da ƙarfi. Ya sauka, ya sunkuya ƙarƙashin kujera ya jawo gudumata ta fasa ƙarfe. Dukan farko ya tarwatsa gilashin awo. Na biyu ya lanƙwasa sandar. Yana duka yana gurnani irin na sa a mayanka, ƙarfe yana tashi yana saran bango. Sikelin mahaifinmu ne fa, shekara sittin yana hannuna. Na yi kansa na riƙe gudumar, ya watsar da ni kamar tsumma, na faɗa kan ƙarfen, na ji ƙashin hannuna ya ce ƙas.

Da ya ga abin da ya yi, sai ya jefar da gudumar ya juya kan bangon nan mai lambobi, ya riƙa gwara goshinsa, yana gwarawa, har jini ya shafe allin. Kafin mu ankara ya fizge labule ya zura ƙafa ɗaya waje ta taga. Hawa na uku, Ɗan Boko. Matarsa da Tsohuwa suka cafke bel ɗinsa ta baya suka zube ƙasa suna ja, Auta ta rungume wuyansa, Mai Gadi ya fasa ƙofa ya shigo. Ina kwance ina kallon bel ɗin nan da na huda da ƙusa, ina roƙon Allah kada ya tsinke ta wajen hujin. Bai tsinke ba.

Yau kwana goma sha ɗaya. An buga wa tagar ƙusa, an ɓoye wuƙaƙe, ana gadinsa bi da bi. Wata likita tana magana da shi ta waya, ko in ce tana magana shi yana kallon ƙasa, ta rubuta magani, Auta na ba shi. Na cire kwaɗon daga firij. Na goge bangon da hannun hagu, allin ya fita, jinin ya ƙi. Auta ta ce in ba shi haƙuri. Ban taɓa jin mahaifinmu ya ba wani haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Jiya dai na ɗauki kwanona na zauna kusa da shi a ƙasa na ajiye a tsakaninmu. Ya daɗe yana kallo, ya ci rabi, ya turo mini sauran da bayan hannu. Na ci.

Cikin kwanakin nan duka magana ɗaya ta fito daga bakinsa: ya tambayi matarsa ko Baffansa ya kira. Kai ka koya masa tuƙi, kai kake sa shi dariya tun yana ƙarami, ni sikeli kawai na iya. Saboda haka ka kira shi ranar da wannan takarda ta same ka, kada ka bari sai gobe. Kada ka tambaye shi ƙiba, kada ka kawo masa dogon turancin nan naka. Ka yi masa hirar tsohuwar motarka da kuka tura har gida. Kuma shi kada ka kashe masa waya, in ka yi, wallahi ko a lahira ba na kallon inda kake.

Ka gai da Maman Tagwaye, da Tagwayen, da Injiniya da amaryarsa. Tsohuwa na gaishe ku, ta ce ka aiko mata da man zafi irin na wancan karon. Auta da matar Direba da jikoki duk suna gaisuwa. In ka kira ka ji tari a gefe, ni ne. Ba zan amsa gaisuwarka ba, amma kana iya yi.

Yayanka,
Mai Sikeli, wanda yanzu ba shi da sikeli.