Kwat ɗin Baba a Dir'iyya

Daren Laraba, tsakiyar Janairu, Riyad

Yau na ba da aron kwat ɗin marigayi Baba, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba.

Na sojan ruwa ne, baƙin ulu mai nauyi, an ba shi lokacin da aka tura su kwas Turai. Ranar da zan taho Inna ta cusa min shi a jaka, ina ta dariya, wa ke kai rigar sanyi Saudiyya? Ga shi jaket biyu na kashe a nan, shi kuwa ko maɓalli bai cire ba.

Da asuba a wurin gininmu da ke Dir'iyya, gefen Riyad, na tarar da Malam Isuhu, dattijon Maraɗi mai gadi, yana tari yana rawar sanyi. Wallahi ban so ba, amma na tuɓe na ba shi. Ya shafa wuyan kwat ɗin ya ce, "Ɗana, wannan ba na kasuwa ba ne."

Da ya juya zai tafi, sai na ga kafaɗunsa sun cika shi yadda nawa ba su taɓa yi ba. Tun rasuwar Baba ban sake ganin baya irin nasa a cikin kwat ɗin nan ba sai yau. Ba na jin zan ce ya dawo da shi.