Marin da Ba Ka Yi Ba

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa inda kake ya fi inda ka bari. Na san wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Babu direban da zan ba, babu gidan wayar da zai karɓa. Amma kai ka koya min rubutu a bayan tsofaffin takardunka na gandun daji, kana yi min dariya wai baƙaƙena tafiyar agwagwa suke yi, don haka yau sai ka haƙura da su.

Shekara shida ke nan da tafiyarka. Gidan ya yi min girma. Ina dafa abincin mutum ɗaya, har yanzu hannuna bai iya awon ba, kullum sai ya yi saura. Kekenka na nan rataye a zaure, tayoyin sun bushe sun tsage. Yanzu babura ke zuwa Randagi. Itatuwan maɗacin nan na hanyar Damari da ka yi shekaru kana faɗa a kansu, masu zarto sun kwashe su. Malamin dajin da aka kawo a madadinka daga kan babur yake gadi, ina jin ko itacen doka da na kirya bai bambance ba. Saratu Bagwariya, maƙwabciyarmu, tana nan da ranta, sai dai idanun sun tafi. Ita kaɗai ke leƙo ni, idan ta dawo daga coci jikarta na riƙe da sandarta.

Ba don labarin gari na ɗauki biro ba. Kwanakin baya Hajara ta zo hutu daga Zariya. Ɗiyarka ta zama nas, a ɗakin yara take aiki. Ta zo min da wata magana da ta hana ni sukuni, kuma ba ni da wanda zan kai wa sai kai.

Ka tuna daminar nan, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, da ka ɗauke ta a keke kuka tafi bakin daji duba iyaka? Shekararta uku da 'yan watanni. Kwanaki kaɗan kafin nan ta yi ɗan zazzaɓi da mura, ta warke, tana ta kukan sai ta bi ka. Kuka dawo bayan azahar, rana ta take. Da na sauke ta na ga kumatunta jajir, kamar an ɗora tafi an ɗauke. Ka san ta fara ce, hasken kakarta ta ɗauko, komai ya taɓa ta sai ya nuna. Wuyan rigarta a jiƙe, na ce hawaye ne. Na tambaye ta wa ya taɓa ta a fuska, ta ce Baba.

Ka ce min wallahi ba ka mare ta ba. Sau ɗaya ka faɗa, ba ka maimaita ba, don kai ba mai yawan magana ba ne. Ni kuwa ka san bakina. Na ce mutumin da ke tausayin itace ya rasa tausayin ɗiyarsa. Saratu ta jiyo mu ta katanga, ta shigo da kayan itacenta a kafaɗa, ta duba yarinyar ta ce wannan ba hannu ba ne, a ƙauyensu yakan bi yara lokaci-lokaci, ya yi kwanaki ya wuce. Na ce mata ta je ta ji da gidanta. Washegari na yi yaji. Na goya Hajara, na ja hannun Ɗanjuma, ɗan farinmu, na bi motar katako zuwa gidanmu a Kakangi.

Ɗanjuma yana da shekara shida, kuma ka fi kowa sanin yadda amosanin jini ya wahalar da shi. Mun saba da ciwonsa: kuka, kumburin hannu, a yi ta gasa masa ƙafa. A Kakangi bai yi kuka ba. Kwanciya kawai yake yi a tabarma, ya ce ya gaji. Har murna na yi, ina ce wa Inna iskar ƙauye ta karɓe shi. Kwana huɗu ka zo biko da safe. Ko gaisuwa ba ka gama ba ka tsuguna, ka ja fatar idonsa ƙasa, ka buɗe tafin hannunsa. Fari fat. Ka ɗaure shi a bayanka da rawaninka ka hau keke. Rafi ya cika, ka jira ya janye. Ba ku kai gari da shi da rai ba.

Na dawo ɗakina bayan sadakar bakwai. Daga ranar har ka koma ga Allah, ba ka taɓa ce min da ba ki tafi ba. Me ya sa ba ka faɗa ba, Malam? Da ka faɗa, da mun yi faɗa, da wataƙila gaskiya ta fito tun kana da kunnen ji.

To ga abin da Hajara ta kawo. Muna tsinkar zogale a tsakar gida take ba ni labarin aikinta. Ta ce kwanan nan likitocinsu ke maganar wata ƙwayar cuta da ba a daɗe da ganowa ba. Sunanta na Turanci ne, Fabo take ce mata, sauran bakina bai iya ba. Wai tana cikin mafi ƙanƙantar ƙwayoyin cuta, madubin asibitinsu ma ba ya ganinta. Dangi ne da su babba, akwai mai kama karnuka, akwai mai kama kyanwa, amma kowacce da nata, wannan mutum kaɗai take bi. Ta tari da atishawa take yawo, musamman tsakanin yara. Ta ce mafi yawan manya sun taɓa yin ta suna ƙanana ba su ma sani ba.

Ina ji ina tsinkar ganyena, har ta zo kan yadda take aiki. Wai ɓargo take shiga, inda ake ƙera jini, ta tsayar da aikin na kamar mako guda ko fiye kaɗan. Yaro mai lafiya ba ya ji, don jininsa na daɗewa, yana da na ajiya. Zazzaɓi da mura ne kawai, bayan kwanaki kuma kumatu su yi ja, har Turawa na kiran abin ciwon marin kumatu. Zafin rana na ƙara fito da shi. Amma yaro mai amosanin jini, sikila kamar yadda suke cewa yanzu, jininsa ba ya daɗewa. Idan aka tsayar da ƙira, sai ya ƙare. Ba ya kuka. Gajiya kawai yake yi, ya yi fari. Ta ce idan aka kai shi da wuri aka ƙara masa jini, yakan tashi ya ci gaba da wasansa.

Malam, tiren ya zame daga cinyata. Har ciwon yatsu da wuyan hannu da na yi a Kakangi, wanda na ɗora wa daka, ta ce manyan mata haka take yi musu. Abu ɗaya ne ya shigo gidanmu, ya shafa fuskar Hajara, ya murɗa hannuna, ya ɗauki Ɗanjuma. Ni kuma na ɗauka na ɗora maka.

Yanzu bari in faɗi wanda ya fi nauyi. Na daɗe ina shakka. Kumatu biyu ne suka yi ja, wa ke mari hagu da dama daidai wa daida? A Kakangi ma na ga wasu ƙuraje kamar zanen lalle sun fito mata a hannu. Amma idan babu mari, to yajina ba shi da dalili. Idan ba shi da dalili, to ni na ɗauke yaro daga gidanmu na bakin titin Kaduna na kai shi bayan rafi a banza. Ban iya ɗaukar wannan ba, sai na riƙe marin da hannu biyu. Kuma ban riƙe shi ni kaɗai ba. Duk lokacin da Hajara ta yi rashin ji sai in ce ta kiyaye, babanta ya taɓa marinta har fuska ta tashi. Kana ji daga zaure. Ka ga yadda ta daina bin kekenka, ta koma gaishe ka daga bakin ƙofa, ka kawo mata kanya daga daji ta ce a ajiye mata. Ka mutu ɗiyarka na jin tsoronka, kai da ko akuya ba ka duka.

Na gaya mata duka a wurin, zogalen na zube a ƙasa. Na ce ciwon da take kwatantawa shi ta yi, babanta bai taɓa ta ba. Ka san abin da ta ce? Ta ce ai ita tana tuna marin. Tana ganin hannunka yana zuwa fuskarta, tana tuna rigarka ta kaki, da inuwar itace. Ita da ta karanta, ita da ta kawo bayanin da bakinta. Na ce ni na zuba mata shi a kai. Ta tsuguna ta hau tattara zogalen. Kwana biyun da suka rage mata muka yi su kamar baƙi, sannu, yauwa.

Ranar komawarta na raka ta tasha da hantsi. Ta shiga mota ta zauna gefen taga, ni ina tsaye riƙe da ƙullin daddawar da na manta ban ba ta ba. Direba ya tayar da mota sai ta leƙo ta kira ni. Ta ce ta yi ta juya abin, hannun dai tana tuna shi, ba ni na ƙirƙira ba. Amma akwai abin da ya dame ta: hannun da sanyi yake. Kuma ba sau ɗaya ya zo ba, yana zuwa yana komawa, tana jin ƙarar ruwa a kusa. Motar ta ja kafin in ce komai.

A hanyar gida na tuna wuyan rigarta da ya jiƙe. Na tuna hankicinka da ka shanya a kan keke ranar, yana ɗiga. Ka ga fuskarta ta yi ja, ka tsaya a rafi kana shafa mata ruwa, ko ba haka ba? Da na tambaye ta wa ya taɓa ta a fuska ta ce Baba, gaskiya ta faɗa. Ni ce ban tambayi yadda ka taɓa ta ba.

Jiya na je na gaya wa Saratu ita ce da gaskiya. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce ai kai ma ka sani. Ban san ko ƙarin jini zai ceci Ɗanjuma ba, kwana ya riga ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Amma kai, shekarun da na raba ka da ɗiyarka, ban san inda zan samo su in mayar ba. Ka yafe min, Malam. Na so in roƙe ka kana raye, girman kai ya hana ni.

Makon jiya takardarta ta zo. Layi uku ne. Ta ce kada in bari kowa ya taɓa keken, idan ta zo da sallah za ta sa a gyara shi. Ta kuma ce in tambayi tsofaffin abokan aikinka wane rafi ne, tana so ta je ta gani.

Allah ya kai haske kabarinka, ya haɗa ka da yaronka. Sai na zo.

Matarka mai baki,
Binta, uwar Hajara