Monitar Toshi da Kalandar Rifkatu

Daga mai kula da zaure: Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. A tausasa harshe wajen amsa.

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa komai ba, yau dai ta kawo ni. Don Allah ku ba ni shawara, masu sanin kwamfuta da masu sanin halin maza duka, domin matsalar tawa ta haɗa biyun.

Ni mai buga takardu ce a ofishin wani kamfanin biskit a Sharada, nan Kano. Tun ina sakandare nake hayar littattafan soyayya, har yau ba a raba jakata da su, kuma ba na jin kunyar faɗa. A cikinsu na zana mijin da nake so, dogo, mai sanyin magana, wanda ƙamshinsa ke riga shi shigowa zaure. Da Allah ya haɗa ni da wanda zan kira Nura, sai na ce to ga shi nan. Sito yake riƙewa a wani kamfanin fata a Challawa. Ƙawayena suna tsokanata wai zan auri warin jima, ni kuwa ban taɓa ƙyamar aikinsa ba, halalinsa yake nema. Kuma yana da wani turare mai sanyi, idan ya tafi daga zance sai in daɗe zaune a kan tabarmar ina shaƙa, ina murmushi ni kaɗai. Manya sun shiga maganar, an ce bayan Sallah za a sa rana.

Ya gaya mini tun farko ba zan ci gaba da aikin kamfani ba idan mun yi aure. Na yarda, da sharaɗin zan yi sana'a a ɗaki. Na iya tsara katin gayyata da kalandar biki da sitika, ina da tsohuwar kwamfuta tokumbo da yayana ya bar mini, monitarta, wato allon, ce kawai ta mutu, irin mai ƙaton ƙeyar nan. Da na kwashi adashi sai na shiga zagayen shagunan kwamfuta. Zuciyata ta mutu a kan masu faɗin nan da suka fara shigowa, sirara kamar faranti, amma kuɗina bai taka kara ya karya ba. Abu biyu kawai kuɗin ya isa: sabuwa inci goma sha bakwai mai kusurwa huɗu daidai, ko wata mai faɗi inci goma sha tara da ban taɓa jin sunan kamfaninta ba. Mai shagon ya ce kafin in ɗauki mai faɗin in kawo kwamfutar a gwada, don ba kowace tsohuwa ce ke tafiya da su ba.

Da na ba Nura labari sai ya yi dariya, ya ce wayon 'yan kasuwa ne, so suke in kai kwamfutar su ƙirƙiro mata ciwo. Ya ce in riƙe kuɗina in sayi kayan kicin, gimbiyarsa ba za ta zauna gaban ƙaramin allo kamar mai leƙen taga ba. Wallahi daɗin maganar ya hana ni cin abinci ranar, ji nake kamar a shafin littafi nake. Ba a daɗe ba sai ga ƙannensa mata da kayan toshi, atamfa da sabulai da takalmi, sannan ga wani kwali a ɗaure da kirtani mai ƙyalli. Monita ce inci ashirin da biyu. Matan gidanmu suka yi ta guɗa, Gwaggo ta ce ai wannan talabijin ce. Da na buɗe kwalin ƙamshin turarensa ya bugi hancina, har hawaye na yi, na ɗauka soyayya ce ta sa ya fesa.

Ranar farko da na kunna ta, ta ɗan yi zafi, sai wani wari ya fara tasowa ta ramukan bayanta. Wanda ya taɓa bin hanyar Challawa da damina ya san irinsa, ɗanyar fata da ruɓaɓɓen ruwa, ya gauraya da turare ya zama wani abu da ba shi da suna. Sannan ƙananan kyankyasai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wani har ya bi ta kan hannuna. Na fita tsakar gida na yi ta kakarin amai. Da na tambaye shi ya ce ofishin manajansu ne ya sauya kaya aka yi gwanjonta, tokumbo mai lafiya ta fi sabuwa ta banza, warin kuma zai fita. Na haɗiye, na ce a littafi ma ai jarumi yakan fara da talauci. Na kuma ce masa komai ya yi mini faɗi a allon, mutane kamar an zauna a kansu. Ya ce idona ne ya saba da tsohon akwati, haka manyan monita suke.

Aikin farko da na samu na ƙawata Rifkatu ne, 'yar kudancin Kaduna, tana ɓangaren zuba biskit a kwali. Tare muke cin abincin rana, ita ke riƙe mini wuri a motar kamfani. Ta ce babu wanda zai yi mata kalandar bikinta sai ni, ita za ta buɗe mini kasuwa. Rifkatu mace ce cikakkiya, mai kumatu, kyakkyawa. Amma da na sa hotonta da na angonta a allon, sai ta fito kamar randa, shi kuma kamar buhun gero. Nura yana gefe a zaure, ya ce mai hoto ne ya ɓata aikin, in kama gefe da gefe in matse har su dawo daidai. Na matse, suka yi kyau a idona. Na sa musu furanni da zobba biyu, na zuba a faifai, shi ya karɓa ya ce zai kai wa mai bugawa tunda hanyarsa ce. Kalandun ba su fito ba sai ana gobe biki, daga wurin bugawa aka wuce da su gidan su ango a ɗaure, ban gani ba.

A wurin liyafa aka kwance su aka fara rabo. 'Yan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rifkatu ta koma tsinken tsire, fuskarta doguwa kamar ludayi, angon kamar turken wutar lantarki da aka sa wa kwat, zobban nan biyu kuwa sun zama ƙwai a tsaye. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ɗaga tata sama ta ce, "Wannan wace ce? Ina amaryar da muka biya sadakinta?" Wani ya amsa daga baya, "Mama, kafin ta fara aikin biskit ne!" Wuri ya kaure da dariya. Na hango Rifkatu a kan kujerar amare tana murmushin dole, tana murza bakin mayafinta.

Duk wannan zan iya ɗauka, aikin hannuna ne, zan ba da haƙuri. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Nura. Yana tsakiyar abokansa na Bompai da Challawa, ya naɗe kalandar kamar lasifika, muryarsa ta fi ta kowa. Da kunnena na ji yana cewa ai ya gaya mini in bar wa maza harkar kwamfuta na ƙi ji, wai mace idan ta cika karatun littattafan soyayya kowa so take ta mayar siririya. Suka tafa. Ya juyo muka haɗa ido, ya kashe mini ido ɗaya, wai wasa.

Da na koma aiki na sa faifan a kwamfutar ofis mai monita mai kusurwa huɗu, ga tsinken tsire nan sak. A gida na zana da'ira a allon, ta fito kamar ƙwai a kwance. Ashe tsohuwar kwamfutata ce ba ta san faɗin ba, sai ta ja komai gefe da gefe don ya cika allon, abin da mai shago ya so ya gwada kenan. Na je wurin mai bugawa in ji ko za a yi gyara, sai ya ce, "Hajiya, ai sai da na nuna wa wanda ya kawo, na ce mutanen nan sun yi tsawo, a kira mai aikin. Ya ce in buga kawai, haka kike so." Ashe ya gani. Ya gani da idonsa a monita mai lafiya, ya san daga ina matsalar take, amma ya gwammace a buga da a ce kyautarsa ce ta jawo.

Da ya zo zance na faɗa masa duka. Ya ce na cika riƙo, kalanda ce fa, shekara ɗaya a yar. Ya ce idan ya kira ni a lokacin ai an makara, kuma dariyar da ya yi don ya rage mini kunya ne. Na ce ya je ya ba Rifkatu haƙuri, ya ce shi ba zai durƙusa wa 'yar kwali ba. Ita kuwa da na je da kuɗin adashina zan sake buga mata, ta ƙi karɓa, ta ce, "Ƙawata, je ki sayi allon kirki. Surukata ma har doya ta aiko mini daga gida, wai Kano yunwa ake." Ta yi dariya, ni na yi kuka.

Yanzu monitar tana ɗakin ajiya na lulluɓe ta da tsohon buhu, duk da haka idan rana ta take sai an ji ta. Na ce zan mayar masa da abarsa in sayi ƙaramar nan da kuɗina. Umma ta ce kul, ba a mayar da kayan toshi sai an fasa, ranar da kwalin nan ya fita daga gidanmu, danginsa za su ce mun mayar musu da ɗansu ne. Ta ce in ajiye ta, in je da ita ɗakina ko don ganin idonsu, namiji duk haka yake, wanda nake nema sai a takarda. Shi kuma ya aiko cewa idan na sayi wata na raina shi.

To 'yan zaure, masu sani su fara gaya mini, ƙaramar mai kusurwa huɗu zan saya, ko akwai abin da ake ƙara wa tsohuwar kwamfuta ta daidaita da mai faɗi ba tare da kuɗi mai yawa ba? Sannan babbar tambayar, in mayar da kwalin ko in haɗiye? Littattafai ne suka ɓata ni kamar yadda Umma ta ce, ko kuwa abin da na gani ya isa a fasa? Jiya ya zo, ƙamshinsa ya riga shi shigowa zaure kamar kullum, sai na ce a ce masa ba ni da lafiya. Tun da na kunna monitar nan na san abin da ake fesa wa turaren, kuma hancina ya ƙi mantawa. Sallah ta kusa, ku taimake ni.