Jitar Sabiru da Kunnen Iya

Daura, 9 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga abokina Boniface,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Obiageli da yara. Yaya Anacha, yaya kasuwa? Allah ya sa Hausarka ba ta gudu ba, don da ma da ƙafa ɗaya take tsaye.

Ta'aziyyarka ta ƙanena Sabiru ta iso, Allah ya bar zumunci. Mu mun dangana, Iya ce dai har yanzu. Ka san tun da aka fara Shari'a ya bar kiɗan biki, sai dai da la'asar ya zauna a ɗakinta ya kaɗa mata jitar nan da ka sayar masa, a hankali don kada maƙwabta su ji. To yanzu kunnenta yana mutuwa, likita kuma ya ce abin ba ya komawa baya. Burinta ɗaya ne, ta sake jin waƙar da ya yi mata, a kan jitarsa, kafin kunnen ya rufe. Na iya waƙar, na kaɗa har yatsuna suka yi tsami, amma hannuna kawai take kallo.

Hafizu mai gyaran rediyo ya ce a sa wa jitar fikof, ɗan abin nan mai kai sautin jita ga lasifika. Wai iri biyu ne. Akwai na maƙalawa a bakin ramin jita, a cire in an gama, akwai na dasawa a ciki, wanda sai an huda ta. Kai ka san kayan nan, ba ni shawara. Ni dai raina ba ya son a taɓa itacen da hannun Sabiru ya goge.

Naka a kullum,
Kalilu

Daura, 14 ga Maris, 2004

Boniface,

Ina gaisuwa, da fatan jikin Obiageli ya yi sauƙi.

Direban da ka aiko ya kawo saƙo, fikof biyu da gargaɗinka cewa in tsaya ga na maƙalawa, na cikin kuwa sai an sami gwani. Na bi maganarka. Amma da muka ƙara murya don Iya ta ji, sai lasifika ta kama ihu, kaji suka watse. Iya ta toshe kunne ta ce mu raba ta da injin niƙa. Hafizu ya rantse na ciki ba ya wannan haukan.

Na san za ka ce in yi haƙuri in kai jitar Kano. Haƙurin nan kunnen Iya ba shi da shi, don yanzu ko kiran salla sai an taɓa ta. Hafizu ya ji tsoron hudawa, shi ya sa na kai wa Baba Auta na Sandamu, tsohon da ke yin garaya da gurmi. Da ka ga murnarsa, ya daɗe ba a kawo masa aiki ba. Ya rungume ta, ya ce in tafi in bar masa 'yarsa.

Ka taya mu da addu'a irin taku.

Kalilu

Daura, 28 ga Maris, 2004

Ɗan'uwana Boniface,

Ina gaishe ku duka. Mu kam sai godiya, amma zuciyata a dagule take.

Baba Auta ya yi huda mai kyau, fikof ya zauna daram. Sai dai da ya zura hannu ciki ya ji wasu 'yan sanduna manne da bayan fuskar jitar. A sana'arsu duma sai an kankare cikinsa tas yake amo, don haka ya ɗauka tarkace ne masu ƙera ta suka manta. Ya ɓamɓare su, ya goge wurin sumul, ya miƙo min su a ƙunshe yana dariya, wai gyara ne kyauta. Wallahi har godiya na yi masa. Ashe su ne ke riƙe da itacen. Da na ɗaure tsirkiya fuskar ta fara kumbura, muryar nan mai taushi ta koma kamar ana dukan gwangwani. Ban iya yi masa faɗa ba, da zuciya ɗaya ya yi.

Duk da haka jiya na haɗa komai a ɗakin Iya, na zauna bayanta kusa da lasifika na kaɗa. Boniface, ta ji! Ta ɗaga kai, ta bi waƙar da leɓe har ƙarshe, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin yatsuna. Da na gama sai ta juyo ta ce, “Madalla, kunnen ya buɗe. To ajiye wannan ta aron, ɗauko min ta Sabiru in ji.”

Na ce mata tana wurin gyara. Yau da safe ta tambaye ni ko an gama.

In ka san mai iya mai da jita yadda take, ko a ina yake, rubuto min da sauri. In kuma babu, kada ka ɓoye min.

Abokinka mai kewarka,
Kalilu