Fil Casa'in na Umma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan yara duk lafiya, babbar ta shiga aji shida, ƙaramin kuma har yanzu bai bar gidan kowa ya huta ba. Baban yara yana gaishe ka. Na zaɓi in rubuto ne domin sau uku ka kira kana tambayar jikin Umma, sau uku ina ce maka da sauƙi, alhali bakina ne ya kasa. Maganar ƙafarta ce, Yaya, kuma akwai laifina a ciki.

Ka tuna lokacin da ka turo kuɗi ka ce in yi mata inshorar lafiya saboda ciwon suganta. Ranar har rawa ta taka a shagon ɗinkinta, ta gaya wa duk mai kawo yadi cewa ɗanta ya saya mata asibiti sukutum. Ni na je ofishin na karɓo fom. Ma'aikaciyar ta yi min bayani da sauri, layi ga shi har bakin ƙofa, abin da na riƙe kawai shi ne akwai lokacin jira na kwana casa'in kafin inshorar ta fara biya. Haka na faɗa wa Umma. Ƙaramin littafin da aka haɗo min da shi kuwa ban buɗe ba, na cusa shi a jaka. Shi ma fom ɗin ya kwana goma sha biyu a jakar, don ana son hotonta, ita kuma ka santa, ba ta ɗaukar hoto sai da ɗankwalin da ta ga dama. Yau gobe, yau gobe, ni ma ban matsa ba.

Ashe ita tun ranar da kuɗinka suka shigo ta fara ƙirga. Ka san ƙaramin matashin allurar nan da take soke fil a kai, wanda ke ɗaure a jikin keken ɗinkinta. Ta zare duk fil ɗin ta zuba a gwangwani, kullum idan ta buɗe shago sai ta soka ɗaya. Har tsokanarta na yi, na ce Umma kin koma akawun kamfani. Wajen fil na talatin ta taka karyayyar allura a ƙarƙashin keken, a ƙafar dama, wadda take taka keke da ita. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ta naɗe da ƙyallen ɗinki, ta sa safa. Na ga safar, na tambaya, ta ce sanyi ne. Na ga tana ɗingishi, ta ce tsufa ne ba ya sallama. Na ji wani wari a shagon, ta ce ɓera ne ya mutu a bayan kabad, ni kuma da shirmena har na jawo kabad ɗin ina nema.

Ranar da fil ya cika casa'in ta kira ni da safe, ta ce in zo in kai ta asibitin ɗanta. Ta sa sabuwar rigarta. Da nas ta cire safar, wallahi Yaya sai da na dafa bango. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, kumburin ya wuce idon sawu. Likita ya tambaye ta tun yaushe, ta ɗaga kai da alfahari ta ce wata biyu cur ta daure, domin kada ta zo kafin lokaci kuɗin ɗanta su tashi a banza. Ya rubuta abin da ta faɗa a fayil, kalma da kalma.

Aka kwantar da ita, ni kuma na ɗauki takardu zuwa tagar inshora. Bayan kwana biyu suka dawo da amsa cewa ba za su biya ba. Ma'aikaciyar ba ta wulaƙanta ni ba, ta zaunar da ni ta juyo min kwamfutar. Ta ce su daga ranar da fom ya iso hannunsu suke ƙirga, don haka Umma ta zo a kwana na saba'in da takwas. Na ce to mu jira goma sha biyun su cika. Ta ce ko mun jira, fayil ya nuna ciwon ya fara a cikin lokacin jira, kuma a ƙa'idarsu irin wannan ba ya shiga. Sannan ta buɗe littafin nan da ban karanta ba, shafi na huɗu, ta nuna min da yatsa. Jiran na kwanciya asibiti ne da tiyata kawai. Ganin likita, da wanke ciwo, da magani, duk suna biya tun ranar farko. Da Umma ta zo ranar da allurar ta soke ta, da an wanke an ba ta ƙwayoyi ta koma shagonta. A gaban mutane na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Likita ya ce ƙafar ba za ta jira ko kwana uku ba, balle sha biyu. Ranar Talatar da ta wuce aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Kawu da baban yara suka haɗa abin da aka biya, kada wannan ya dame ka yanzu. Jikin yana warkewa, tana cin abinci, har ta fara faɗa da nas a kan yadda aka ɗinke labulen ɗakin. Ni ce dai ba na warkewa. Ina jin haushin kamfanin, ina jin haushin Umma da taurin kanta, amma haushin kaina ya fi. Ka yafe min idan za ka iya.

Ga abin da nake roƙonka. Umma ba ta san inshorar ba ta biya ba. A saninta haƙurinta ya yi rana, ƙafar kuma ƙaddara ce. Jiya ta sa na kawo mata matashin fil ɗin, ta ajiye a gefen gado tana nuna wa masu dubiya. Ta ce ranar Juma'a idan ka kira, da bakinta za ta gaya maka cewa ko sisinka bai yi ciwon kai ba. Na kasa gyara mata, kuma ba na so kai ka gyara. Ka saurare ta har ta gama, ka ce mata ka gode.

Ka gaishe min da matarka, uwar 'yan biyu, da 'yan biyun, da Sarkin Surutu wanda na ji ya fara makaranta. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta