Jirgin Katako a Kan Firiji

Zuwa ga ɗana na fari, sojan ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan alheri a duk inda Allah Ya ajiye ka. Ubanka ne, mai kifin kasuwar Kado, wanda boko ya kora tun daga aji huɗu, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun. Mahaifiyarka na gaishe ka. Matarka Rahama ba ta san ina rubutawa ba.

Jirginka na nan a kan firiji, inda ka ɗora shi da ka dawo daga kwas a Amurka. Lokacin arzikin mai na ambaliya a Abuja, 'ya'yan mutane na kawo wa iyayensu agogo da talabijin, ni nawa ya kawo mini jirgin katako kamu ɗaya, da 'yan ƙyallaye a sama. Na ce maka ko tarwaɗa ba zai ɗauka ba.

Ka zauna a tabarma ka ba ni tarihin jirgin ainihi da aka kwaikwayo, na zamanin da babu inji, iska ce ke tura jirgin yaƙi. Ka ce Amurka tana jaririya aka sassaƙa shi. Ya je gaɓar arewacin Afirka ya yaƙi masu fashin teku, ya dawo da ramukan igwa a jikinsa, aka toshe. Ya gwabza da Turawan Ingila. Da ya tsufa aka tura shi sintiri. Wata rana ya bar tasha da mutanensa duka, hadari ya taso, shi ke nan. Ko katako ɗaya ba a tsinta ba.

Na tambaye ka, to matansu fa? Ka ce sun yi ta jira har hukuma ta ce a daina. Na ce ai da Bahaushe ne kyaftin ɗin, yana can wani tsibiri ya buɗe shago. Ka yi dariya har ka ƙware.

Barkwancin nan nake ta maimaitawa tun ranar da ogoginka suka zo da huluna a hannu, suka ce kwalekwalenku ya kife, an samu wasu, kai ba a same ka ba. Ran nan na sayo likkafani na zauna jiran motar da za ta kawo gawarka. Motar ba ta zo ba. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai in ce masa kana tsibiri kana sayar da sabulu da ashana. Su yi dariya don tausayi.

Kifin teku kuwa na daina taɓawa. In aka sauke katan ɗin kifi daga Legas ba na iya fasa cikinsa, ka san abin da nake tunani. Na koma na rafi.

Yanzu shekarun da shari'a ta ce a jira wanda ya ɓata sun cika. Baban Rahama ya sha zuwa daga Uke, ina sallamarsa da raha, don sun ce ba za su je gaban alƙali ba sai da ni. Wannan karon bai bari na fara ba. Ya ce, "Alhaji, 'yata ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ka bar ta ta yi takaba." Ita kuwa Rahama, kullum da safe ita ke goge jirgin.

Kyankyasai sun cinye ƙyallayensa. Jiya na yanko daga likkafanin nan, mahaifiyarka ta ɗinka masa sababbi. Ba ta tambayi inda na samo yadin ba. Ta sani.

Gobe zan je gaban alƙali. Za a ce in faɗi sunanka, ni da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barina na furta shi ba, Soja kawai nake ce maka. Tun safe nake gwadawa a bayan shago, gardi da furfura, kamar ɗan aji ɗaya.

In kana raye, ka yafe mini, ni na ce a daina jira. In ka riga mu, Allah Ya sa ruwan nan ya zame maka wanka, Ya ba ka ladan shahada, Ya ba Rahama miji nagari, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Allah Ya jiƙan ka, Sulaimanu.

Ubanka,
mai kifin rafi.